Yadda ake ɗaura wa mota ƙarfen bires da ɗaure notunan ƙafa yanda ya kamata

Bires ɗin nan da ake sayowa daban a ƙara wa mota, ko na sama mai haɗa kawunan shokozoba biyu a ƙarƙashin bonet ko na ƙasa mai tokare shasi, ɗaura shi ba wani aiki bane mai wahala, mutum ɗaya da sifana da haƙuri zai iya. Inda ake ɓata aikin wajen ɗaure notuna ne, kuma ɓarnar bata nunawa a ranar, sai bayan wata biyu ko uku kaji mota ta fara ƙwas-ƙwas a kan gargada ko bushin, wato robar da ke gaɓoɓin ƙafar mota, sabo fil ya tsage ko taya na cinyewa ta gefe ɗaya, sai a ce ai bires ɗin ne jabu alhali ɗaurin ne bai yi ba. Abu biyu ake kiyayewa, yawan ƙarfin da aka sa wa kowane noti, da kuma yanda motar take zaune a lokacin da aka ɗaure shi. Na biyun nan shi ne mutane suka fi rainawa.

Bari mu fara da abin da bires yake yi don kar ka sa rai da abin da ba zai baka ba. Jikin mota ba dutse bane, in ka sha kwana da gudu yana ɗan murɗewa kaɗan, kuma motar da ƙafarta ta gaba irin tsarin MacPherson ce, wato shokozoba da sifirin a haɗe suna tsaye su ne ma ke riƙe da saman taya, nauyin kwanar kai tsaye yake bugun kofin nan na sama inda shokozoba ya zauna. Bires yana haɗa kofin hagu da na dama ne su zama abu ɗaya. Motar da ke da hannaye biyu sama da ƙasa kuwa nauyin yana bi ta hannayen ne, don haka sandar sama bata yi mata wani tasiri sosai, na ƙasa ya fi mata amfani. Kuma kar ka haɗa shi da sitabilaiza, shi sitabilaiza an yi shi ne don ya murɗe ya rage kwanciyar mota, bires kuwa ba a son ya motsa ko kaɗan. A ganina tsohuwar mota ko mota mara rufi ta fi jin bambancin, sabbin motoci shasinsu da ma da ƙwari. In kuma bushin ɗinka sun mutu ko boljoyin, wato gaɓa mai ƙwallo da ke riƙe gindin taya, na wasa, wallahi ka fara gyara waɗannan, babu ƙarfen da zai rufe wannan.

Wajen saye, ka nemi wanda aka yi wa samfurin motarka da shekararta, kamfanoni irin Cusco da Ultra Racing da Whiteline haka suke yi, kowace mota da nata. Wanda aka ce maka yana shiga kowace mota ni dai bana so. Sandar da aka yi walda guda ɗaya ta fi tauri a kan wadda ke da gaɓa a gefe da gefe, amma mai gaɓar ta fi sauƙin shiga.

Kayan aiki

Sifanar tok, wato mai awon ƙarfi mai yin ƙas in ta kai adadin, ita ce uwar aikin, kuma gaskiya biyu ake buƙata. Ƙarama mai bakin inci 3/8 wadda take farawa daga wajen 20 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) zuwa 100, da babba mai baki 1/2 daga wajen 40 zuwa 200. Dalili kuwa irin wannan sifanar bata da gaskiya a can ƙasan ma'auninta, daga kashi 20 cikin ɗari na iyakarta zuwa sama ne ake yarda da ita, kaga mai kai 200 ba zata auna maka 25 daidai ba. Sai soket masu kusurwa shida, sun fi riƙe kan noti a kan masu goma sha biyu, sai doguwar sanda ta kwancewa, jak, da ƙafafun ƙarfe na ɗora mota, katakon tare taya, buroshin waya, man feshi mai cin tsatsa, ruwan wanke burki, tef na awo, da makar fenti. Sai littafin gyaran motar, ba ƙaramin nan na cikin akwatin dashbod ba, babban na makanikai mai ɗauke da adadin ƙarfin kowace ƙusa, wato dogon ƙarfen nan da noti ke hawa kansa.

Kar ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ko na minti ɗaya ne.

Lambobin da ya kamata ka gane kafin ka taɓa komai

Ƙusa in aka ɗaure ta miƙewa take ɗan yi kamar sifirin, wannan miƙewar ce ke matse ƙarfe biyu wuri ɗaya har su kasa zamewa. Ƙarfin da kake sawa a hannu kusan kashi 90 cikin ɗari gogayya ce ke cinye shi, a ƙarƙashin kan ƙusar da kuma cikin tiredi, wato zaren da ke jikinta, ɗan abin da ya rage shi ke miƙe ta. Shi ya sa yanayin tiredin yake da muhimmanci haka. In akwai tsatsa sifana zata yi ƙas tun ƙusar bata matse komai ba, in kuma ka shafa giris ko baƙin mai a inda littafi ya ce a bushe, adadin nan ɗaya zai miƙe ta ya wuce ƙima har ta kusa tsinkewa kai kuwa kana ganin ka bi littafi. Yawanci adadin da ake rubutawa na tiredi mai tsabta ne kuma busasshe, sai in an faɗa maka a sa mai.

Duba kan ƙusa zaka ga lamba, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ƙarfinta kenan. Wasu na motocin Japan lamba ɗaya ce kamar 7 ko 9. A matsayin kimantawa kawai, ƙusa 8.8 mai kauri M8 tana ɗaukar wajen 25 Nm, M10 wajen 50, M12 wajen 85. In 10.9 ce M10 tana kai wajen 70, M12 wajen 120. Wannan don ka gane in wani adadi ya yi maka baƙo ne, littafin motarka shi ne gaba. Kuma M10 kaurin jikin ƙusar ne ba girman soket ba, mutane na yawan ruɗewa a nan. A motocin Japan M8 kanta 12 ne, M10 kuma 14, M12 kuma 17, a na Turai M8 kanta 13, M10 kuma 16 ko 17, M12 kuma 18 ko 19. Tazarar tiredin ma ta bambanta, Japan suna yawan amfani da M10 mai 1.25, Turai mai 1.5, da ido kamar ɗaya suke amma in ka tura ɗaya a ramin ɗaya ka kashe tiredi.

In takardar bires ɗin da wani ma'aunin ta zo ba Nm ba, in lb-ft ne ka ninka da 1.356 ka samu Nm, wato 30 lb-ft ya zama wajen 41 Nm. In kgf·m ne ka ninka da 9.8. Ka duba wane layi kake karantawa a jikin sifanar don galibi suna da biyu.

Wani abu kuma, ƙusoshin nan masu ƙyalli marasa tsatsa da aka rubuta wa A2-70 basu kai 8.8 ƙarfi ba, kyau kawai, kar su je kusa da ƙafar mota. In ƙusar da ta zo a kwalin bires babu wata lamba a kanta ka ajiye ta ka nemo mai lamba wadda ta kai ta asali ko ta fi.

Awon farko

Ka ajiye mota a wuri mai daidai, sitiyari a miƙe, iskar taya yanda ya kamata, babu kaya a but. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a tayoyi huɗun ka rubuta. Daga tsakiyar wili fa, ba daga ƙasa ba, don awon nan zai yi maka aiki ko bayan ka cire taya. Sannan duk ƙusar da zaka taɓa ka fesa mata man tsatsa tun da wuri, in da hali tun daren jiya, ka ɗau hoto da waya.

Ɗaura na sama

Wannan a ƙasa ake yinsa, mota a kan tayoyinta. Dalilin shi ne nauyin motar yana danne kan shokozoba a cikin kofin, ko ka cire notunan gaba ɗaya ba inda zai je, amma in mota na sama ka kwance su duka shokozoba zai sauka ya ja tiyon burki da shaf.

Buɗe bonet zaka ga notuna ƙanana guda uku, wasu motocin biyu, sun kewaye wani babba a tsakiya. Ƙananan su ne naka. Na tsakiyar nan kar ka taɓa shi, shi ke riƙe da sifirin a matse kuma sifirin mota in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Kafin ka kwance ka duba ramukan, in dogaye ne masu barin kan shokozoba ya matsa, to da su ake saita kwanciyar taya, ka zagaye gurbin kowane noti da maka don ya koma inda yake.

Ka kwance notunan gefe biyun, ka goge saman kofin da tsumma, yashi ko busasshen laka da ya rage a ƙarƙashin farantin bires zai murmushe daga baya ɗaurin ya saki. Ka ɗora farantan, ka mayar da notuna da hannu kawai su kama amma farantin na iya motsi. Daga nan kar ka jingina da motar ko ka girgiza ta. Yanzu ka kawo sandar, ya kamata ƙusoshinta su shige da turin yatsa. In mai daidaitawa ce ka juya ta har ramuka su zo daidai da kansu, wasu na cewa a ƙara mata juyi ɗaya don ta tokare sosai, ni ban yarda da wannan ba, kana tura kofunan ne waje kana canza zaman taya ba tare da ka auna ba. In sandar walda guda ce kuma ta ƙi zama da ɗan milimita biyu ko uku, ka ɗan ɗaga motar da jak kaɗan a tsakiya ta gaba, kofunan kan ɗan buɗe ta faɗa. In tazarar ta kai santimita kuwa ka tsaya, ko ba na motarka bane ko motar ta taɓa buguwa shasi ya karkace, guduma ba zata gyara ba.

Sai ka duba tsawon ƙusoshin kofin. Farantin ya cinye wani kaso na tsawonsu, to bayan noti ya zauna ya kamata tiredi biyu ko uku su leƙo sama da shi. In noti ya shanye ƙusar gaba ɗaya bata fito ba, riƙon bai isa ba, musamman in noti mai roba ne a baki, don robar can sama take.

Kafin ɗaurin ƙarshe a duba abin da sandar zata iya taɓawa: tukunyar man burki, akwatin iska, tiyon iyakwandishan, da kan batir musamman mai jan murfi, ƙarfe ya taɓa wannan gobara ce. Injin kuma yana rawa a kan kujerunsa in ka taka totur, don haka ka bar masa wurin da aƙalla yatsa zai shige. Na bonet kuwa ka ɗora ɗan dunƙulen laka mai laushi a inda sandar ta fi tudu, ka sauke bonet a hankali har ya rufe, ka buɗe ka ga kaurin da ya rage. Kar ka buga shi da ƙarfi a karon farko, haka ake samun ƙullutu a bonet.

Yanzu ɗauri. Fara da notunan kofi, kana zagayawa a matakai biyu, rabin adadin a kowanne sannan cikakke. Adadin nan ƙarami ne fiye da yanda hannu ke so, in M8 ne galibi bai wuce 20 zuwa 30 Nm ba, in M10 ne wajen 40 zuwa 50, ka duba littafi. Ƙusoshin nan dasa su aka yi a jikin kan shokozoba, ka tsinke ɗaya sai an sauke shokozoba gaba ɗaya. Bayan su sai ƙusoshin da suka haɗa sandar da farantai, da adadin da mai bires ya bayar, sai notin kulle na wurin daidaitawa a ƙarshe. Na baya da ake sawa a but duk haka ne, sai dai yankan kafet.

Akwai motocin da basu da notunan nan kwata-kwata, sai an huda kofi. In har zaka huda ka shafa fenti a bakin ramin saboda tsatsa, amma ka yi tunani sau biyu tukuna.

Na ƙasa, inda aikin ya fi nauyi

Bires ɗin ƙasa iri-iri ne, akwai sanda ɗaya mai haɗa gindin lowa'am biyu, wato hannayen ƙasa na ƙafar mota, akwai mai wurin ɗauri huɗu ko mai siffar gicciye. Wasu suna shiga ramukan da kamfani ya bari babu komai a ciki, wasu kuma suna hawa kan ƙusoshin sabfirem, wato firem ɗin ƙarfen da ke manne a ƙasan shasi yana ɗauke da ƙafafun mota, ko na lowa'am. Ka fara tantance wanne ne naka don hukuncinsu daban.

In ramukan banza ne, shekara da shekaru suna shan ruwa da laka, ka wanke su da buroshi da feshi, in kana da abin gyara tiredi ka bi da shi a hankali, sannan ka wanke man da ruwan wanke burki ya bushe. Notin da ke cikin irin ramin nan walda aka yi masa a cikin shasi inda hannu baya kaiwa, in ka sa bindigar iska ya ɓalle yana juyawa a ciki ka shiga uku, sai an yanka ƙarfe. Don haka kowace ƙusa da yatsu ake fara ta, ta yi juyi huɗu ko biyar salin alin kafin sifana ta zo. Ta yi tauri a juyi na biyu, fito da ita ka duba.

In ƙusoshin sabfirem ne, ka tokare sabfirem ɗin da jak da katako, ka zana layi da maka a inda ya haɗu da shasi, kuma kar ka cire ƙusoshinsa duka lokaci guda, waɗanda bires ke buƙata kawai. Sabfirem ya matsa milimita biyu sitiyari ya karkace. Ka kwatanta tsawon ƙusa kuma, tunda kaurin bires ya shiga tsakani ko dai an baka masu tsawo ko ka tabbatar ta asali har yanzu tana shiga aƙalla gwargwadon kaurinta a cikin ƙarfe, in cikin alminiyom ne ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Wadda ta yi tsawo da yawa ita ma matsala ce, zata tokare a ƙarshen rami sifana ta yi ƙas alhali bires na lilo.

Ka rataya bires ɗin da duk ƙusoshinsa a sake, kar ka ɗaure ko ɗaya sai dukkansu sun shiga. Ka duba salansa don tana motsi kuma tana zafi, ka duba ko zaka iya kai hannu ga notin juye baƙin mai da filta, ka duba bai zama shi ne mafi ƙasa a motar ba. Wani ɗan abu da ba a cika faɗa ba, fentin hoda mai kauri da ake yi wa bires yana lotsewa a ƙarƙashin kan ƙusa bayan kwanaki sai ɗaurin ya ragu, shi ya sa wasu ke kankare shi a daidai wurin zaman washa, in baka kankare ba to lallai ka dawo ka duba.

Zancen bushin da tsayin mota

Bushin roba na asali ba juyawa yake a kan ƙusa ba. Robar manne take da bututun ƙarfe na ciki da na waje, in ka ɗaure ƙusa bututun ciki ya kafe, hannun ƙafa in yana hawa da sauka robar ce ke murɗewa, kamar dai yanda ake murɗe tsumma wajen matse ruwa. An yi ta ne ta zauna a sake lokacin da mota ke tsaye a kan tayoyinta, ta murɗa kaɗan sama kaɗan ƙasa. To in ka ɗaure mota na rataye ƙafa ta sauka har ƙarshe, ka kafe ta a can, kana sauke mota robar ta riga ta murɗe tun ba a je ko'ina ba, rami ɗaya ta wuce iyakarta. Sakamakon shi ne bushin ya tsage da wuri, motar ta ɗan ɗage sama, tafiya ta yi tauri.

Saboda haka duk ƙusar da ta ratsa bushin roba a kwance, ta lowa'am, ta hannun sama, ta hannayen baya, ta gindin shokozoba mai ido, ana sa ta ne a ɗan kama ta kawai, ɗaurin ƙarshe sai nauyin mota na kan ƙafa. In bires ɗinka a kan ƙusar lowa'am yake hawa ya shiga wannan hukuncin. Bushin da ƙusarsa ke tsaye bai cika damuwa ba, haka na foliyuretan, wata irin roba mai tauri, mai giris da gaɓa mai ƙwallo, su juyawa suke. In ka yi shakka ka ɗaure a tsayin mota, ba abin da zaka rasa.

Hanya mafi kyau rami ko lif mai hawa da taya. In babu, ka hau kan gangaren ƙarfe ko ka sauke tayoyin a kan katakai masu kauri da faɗi, huɗun su zama tsayi ɗaya, burkin hannu a ja, an tare taya. Motar da aka sauke daga jak bata zama daidai nan take saboda taya ta kama ƙasa a karkace, sai ka gangara ta gaba da baya mita ɗaya ko biyu ka danna kowane gefe, ko in kan katako ne ka girgiza ta sosai kafin ka shiga. Hanya ta uku, mota na kan ƙafafun ƙarfe taya a cire, ka sa jak a ƙarƙashin lowa'am kusa da boljoyin ka ɗaga har tazarar tsakiyar hob, wato inda wili ke zama, zuwa fenda ta yi daidai da awon da ka rubuta. Idonka na kan ƙafar ƙarfen fa, da zarar motar ta fara tashi daga kanta ka tsaya nan, wannan shi ne iyaka.

Wanda ya sa gajerun sifirin ya sauke mota, shi ma ya sassauta duk waɗannan ƙusoshin ya sake ɗaure su a sabon tsayin, ko bai canza bushin ko ɗaya ba. Linkejin sitabilaiza mai daidaitawa shi ma a ƙasa ake saita shi, ya shiga raminsa ba tare da an ja sandar ba.

Riƙon sifanar kanta

Ka saita adadi ka kulle, ka riƙe a tsakiyar mariƙi, ka ja a hankali babu fizga, ƙas ɗaya ka saki. Masu yin ƙas-ƙas-ƙas sau uku ƙara ƙarfi suke. Ana son ƙas ɗin ya zo ƙusa na cikin juyawa, in ka riga ka tamke ta da bindiga sannan ka ɗora sifana ta yi ƙas nan take baka auna komai ba, abin da ka sani kawai ta kai ko ta wuce, nawa ta wuce Allah masani. Sai ka sassauta ka sake. Inda akwai ƙusa da noti, noti ake juyawa a riƙe kan ƙusar, sai in littafi ya ce akasin haka. Ƙarin tsawo miƙaƙƙe tsakanin soket da sifana baya canza awo, amma bakin sifana da ake maƙalawa a gaba yana ƙara tsawon hannu: in sifanar santimita 40 ce bakin ya ƙara 5 kana son 90 Nm, sai ka saita 80. Ko ka juya bakin ya yi kusurwa 90 da sandar, shi kenan babu lissafi. Ba a kwance noti da ita, in an gama a mayar da ita ƙaramin adadinta.

Motocin Jamus irin Volkswagen da Audi da BMW zaka yawan ganin an rubuta abu kamar 70 Nm + 90°. Ma'ana ka kai 70 da sifanar tok, sannan ka ɗauki sanda ka ƙara kwatan juyi. Ka zana layi a kan ƙusar da jikin ƙarfen ka bi, kowane gefe na kan ƙusa mai shida digiri 60 ne. Da yawa daga irin waɗannan an miƙe su har iyaka, sau ɗaya ake amfani da su, littafi zai ce a sa sabuwa, kuma ƙusoshin sabfirem na cikinsu sosai, ka tanade su kafin ka fara. Noti mai roba a baki da mai matsattsen baki su ma sababbi ake sawa.

Boljoyin da tayarod, wato sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, ƙusarsu mai tsini ce tana zama a rami mai tsini, a bushe ake haɗa su babu giris. In noti mai tsaga ne ka kai adadin, in ramin fin bai fito ba ka ƙara ɗaurewa kaɗan har ya fito, ba a komawa baya, sai sabon fin. Ƙusar saita kwanciyar taya mai washa karkatacce kuma ka yi mata alama tun kafin kwancewa, ka riƙe kanta gam kana juya noti.

Gam ɗin tiredi, shuɗin irin Loctite 243 ya isa ga ƙusoshin bires masu shiga shasi in mai bires ya ce a sa, ɗigo biyu, yana kamawa sosai cikin awa 24. Jan irin 271 sai da zafi wajen digiri 250 yake sakin ƙusa, kusa da bushin da tiyon mai wannan ba abin so bane.

Kowace ƙusa ka gama da ita ka ja mata layin fenti daga kanta zuwa jikin ƙarfe, da shi zaka san wadda ka manta. Notunan taya a ɗaure su a tsallake ba a jere ba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 100 da 140 Nm, mota a ƙasa. Ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama kana sauraro, sannan ka fita a hankali rediyo a kashe, ka bi ta ɗan gargada, ka taka burki, ka ba da wuta ka ji ko injin ko salansa na bugun wani abu. In sandar sama kaɗai ka sa kuma ramukan ba dogaye bane ba sai ka je alaimen ba, in ka taɓa sabfirem ko lowa'am ko ƙusar saiti kuwa dole ne. Bayan tafiyar kilomita 100 zuwa 200 ka koma ƙarƙashi da tocila ka bi layukan fentin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya goce ka sassauta shi ka sake ɗaurewa da awo, masu digiri kuwa in layinsu na nan daidai ka ƙyale su, kar ka ƙara musu ko kaɗan.